Darasi: Shari'ar Hadijatu Mani da Iyakar Al'ada a Gaban Alƙali

Idan rigima ta tashi a Mai Yara kan iyakar gona, ko rabon gado, ko auren da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, babu mai fara neman littafin doka da aka rubuta da Faransanci. Ƙofar mai gari ake zuwa, a shimfiɗa tabarma, dattawa su ji ta bakin kowa. In abin ya gagara a wuce fadar sarki, wanda doka ta ba ikon sasantawa amma ta hana shi yanke hukunci. Sai sulhu ya ci tura ake kama hanyar Dakoro, kuma ko a can alƙali yana zama ne da mashawarta a gefensa, mutanen da suka san al'adar masu jayayya, domin da al'adar zai yi hukunci. Dokar tsarin shari'a ta 1962 ce ta shimfiɗa wannan tsari, ta 2004 ta sabunta shi, ta 2018 ma ba ta rushe shi ba. A sha'anin aure, saki, nasaba, gado, kyauta, wasiyya da gonar da ba ta da rajista, al'ada doka ce a Nijar. Sai dai ayar da ta ba al'ada wannan girma a dokar 2004 ta fara da sharaɗi tun kafin ta lissafa komai: ana bin al'ada muddin ba ta ci karo da yarjejeniyoyin duniya da ƙasa ta amince da su ba, ko dokokin ƙasa, ko manyan ƙa'idojin da suka shafi tsarin zaman jama'a da ƴancin mutum. Kusan kowa ya san cewa kotu tana aiki da al'ada. Sharaɗin ne ake mantawa, kuma cikin masu mantawa har da alƙalai. Shari'ar da za mu duba a wannan darasi ta taso daga Birnin Ƙonni, a jihar Tawa da jiharmu ta Maraɗi ke iyaka da ita, kuma ita ce ta nuna abin da ke faruwa ranar da alƙali ya bi al'ada ya tsallake sharaɗin. Ra'ayin wannan darasi shi ne, a ranar laifin yana tashi daga wuyan mutum ɗaya ya hau wuyan ƙasa, kuma daidai ne ya hau.

An haifi Hadijatu Mani Korau a 1984, mahaifiyarta tana cikin waɗanda al'adar yankinsu ke ɗauka bayi. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita ga Alhaji Sulaimanu Narwa, mai shekara 46, a kan kuɗin sefa 240,000, wato jika 240 a ƙirgenmu na kasuwa. Abin da aka saye ta ta zama shi ne wahaya, wadda wasu ke kira mace ta biyar: yarinyar da ake kawowa gida ba ɗaurin aure, ba sadaki, ta yi daka da ɗiban ruwa da aikin gona, maigida kuma ya neme ta duk lokacin da ya ga dama. A takardun shari'ar an rubuta sunan matsayinta da haruffan da ke sa baƙo ya karanta «sadaka», har ya ɗauka kyauta ce don Allah. Bahaushe ya san kalmar sa-ɗaka ce, wadda aka sa a ɗaki, wato ƙwarƙwara. Ba ta cika shekara 13 ba ya fara tilasta mata. Ta yi shekara tara a gidan, tana shan duka idan aka ga ta yi abin da ba a so, ta haifi ƴaƴa huɗu, biyu suka rayu.

A ranar 18 ga Agustan 2005 Narwa ya ba ta takardar ƴantawa. Ya kamata mai karatu ya tsaya a kan wannan takarda, domin duk shari'ar tana cikinta. Shi ya sa hannu, ita ta sa, mai garin ma ya sa hannu ya buga hatiminsa. Ba a ƴanta wanda yake ɗa. Duk wanda ya rubuta cewa ya ƴanta wance, ya shaida da hannunsa cewa jiya yana riƙe da ita a matsayin baiwa. Kuma jiyan nan ba zamanin Turawa ba ne, da Faransa ta fitar da dokar hana cinikin mutane a yankunanta na Afirka ta Yamma a Disamban 1905. Shekara biyu ke nan da Majalisar Dokokin Nijar ta yi doka mai lamba 2003-025 ta ranar 13 ga Yunin 2003, wadda ta shigar da bauta cikin kundin hukunta laifuka, ta yanka wa mai laifin ɗaurin shekara 10 zuwa 30 da tarar sefa miliyan 1 zuwa miliyan 5. Takardar da mai gari ya buga wa hatimi shaidar babban laifi ce, amma aka ɗauke ta kamar takardar cinikin saniya da aka warware. Da Hadijatu ta ɗauki takardarta za ta tafi, sai Narwa ya ce ina, ai matarsa ce. Ta samu ta fita da sunan za ta duba mahaifiyarta marar lafiya, ba ta koma ba.

A Fabrairun 2006 ta kai ƙara kotun al'ada ta Ƙonni. A ranar 20 ga Maris kotun ta yanke hukunci mai sauƙin fahimta: ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura aure ba, saboda haka babu aure, tana da ƴancin ta auri wanda take so. Narwa ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Ƙonni, wadda a ranar 16 ga Yunin 2006 ta rushe hukuncin farko, bisa hujjar cewa ɗa yana iya auren baiwa idan ba shi da halin auren ƴa kuma yana tsoron faɗawa cikin zina. A lura da abin da alƙalin ya yi. Ya karɓi kalmar baiwa ya gina hukunci a kanta, kamar matsayi ne da dokar Nijar ta sani, alhali doka ta san shi ne a matsayin laifi. Bai dakatar da zama ba, bai miƙa takardun ga mai gabatar da ƙara na gwamnati ba. Magana ta je Kotun Ƙoli a Yamai, wadda a ƙarshen Disamban 2006 ta soke hukuncin saboda kuskuren bin ƙa'idar zama, ta mayar da shari'ar Ƙonni a sake ji. Ita ma ta ga kalmar a rubuce, ita ma ta wuce ta.

Kafin a gama wannan kai-komo Hadijatu ta auri mutumin da ta zaɓa, da amincewar danginta. Narwa ya garzaya wurin jandarma ya ce ta yi aure kan aure. A Afrilun 2007 kotun da aka mayar wa shari'ar ta ba ta saki tare da umarnin ta yi iddar wata uku, wanda a zahiri nasara ce, amma a ƙarƙashi amincewa ce da cewa an taɓa yin aure, tunda ba a sakin wadda ba a aura ba. A ranar 2 ga Mayu sashen hukunta laifuka na kotun Ƙonni ya yanke mata ɗaurin wata shida da tarar jika 50, ita da ɗan'uwanta da sabon mijinta. Ta shiga gidan kaso, sai a watan Yuli kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta ba da umarnin a sake ta na wucin gadi. A daidai lokacin, mutumin da ya saye ta tana yarinya yana kwana a gidansa. Lauyanta ne ma, a watan Mayun nan, ya shigar da ƙarar bauta a kansa, wato abin da ya kamata hukuma ta yi da kanta tun ranar da takardar ƴantawa ta fara shiga hannun alƙali.

Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, sunanta kuma yana nufin ƴan'uwantaka da harshen Tamashek, ita ce ta tsaya mata, tare da Anti-Slavery International da Interights na birnin Landan. Lauyanta na gida shi ne Abdurrahman Shu'aibu. Suka kai Jamhuriyar Nijar ƙara Kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, mai mazauni a Abuja, wadda tun gyaran ƙa'idarta na 2005 talaka ke iya shigar da ƙarar gwamnati gabanta kan tauye haƙƙin ɗan Adam. Da yake mai ƙara ba ta da halin kai shaidunta Abuja, kotun ce ta taso ta zauna a Yamai a Afrilun 2008, ƙarƙashin mai shari'a Aminata Malle Sanogo ta ƙasar Mali. Lauyoyin gwamnati suka ce ba ta gama bin matakan kotunan gida ba. Kotu ta ce ƙa'idarta ba ta gindaya wannan sharaɗi ba. Suka ce ai matarsa ce, sun yi zamansu na daɗi da wuya kamar kowane ma'aurata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ga takardar ƴantawa da hatimin mai gari, ga hukuncin kotun Ƙonni da ya kira ta baiwa. Kotun ta koma ga ma'anar bauta a yarjejeniyar duniya ta 1926, wato halin mutumin da wani ke aiwatar da ikon mallaka a kansa, ta kuma tuna abin da kotun soja ta Nuremberg ta faɗa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cewa bawa yana iya samun abinci da sutura da makwanci mai kyau amma yana nan bawa. A ranar 27 ga Oktoban 2008 ta yanke cewa an bautar da Hadijatu, Nijar ce ke da alhaki saboda hukumominta na mulki da na shari'a sun zuba ido, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Miliyan 50 ta nema.

Zuciyar hukuncin tana cikin ƴan layuka kaɗan. Kotun ta ce alƙalin da ya tabbatar da cewa mace baiwa ce, bai yi tir da hakan ba, bai tayar da ƙara da kansa ba, to ya amince da laifin, ko aƙalla ya lamunce shi. A galibin shari'o'in da ke tsakanin mutum da mutum, alƙali yana tsayawa ne kan abin da aka kawo masa. In an zo kan bashin buhu uku na hatsi, ba ya tono zancen gado. Amma akwai abubuwan da doka ta ɗauka na kowa da kowa ne, waɗanda ba a jiran mai ƙara ya ambata. Da wani ya zo neman saki, a tsakiyar bayani ya ce ai shi ya kashe surukinsa bara, babu alƙalin da zai ce wannan ba shi aka kawo ba. Abin da Kotun CEDEAO ta ce shi ne bauta tana cikin wannan sahu. Dalilin da ya sa hukuncin ya yi daidai kuwa yana cikin yanayin laifin kansa. Wanda aka sace wa akuya ya san an zalunce shi, ya san hanyar ofishin jandarma. Wadda aka saya tana shekara 12, uwarta da kakarta suka rayu a haka, ba ta taɓa shiga aji ba, an kuma gaya mata aljannarta tana hannun maigida, ba ta ma san akwai sunan laifi ga abin da ake yi mata ba. Dokar da za ta jira irin wannan mace ta kawo ƙara da lambar aya a bakinta za ta tsufa a takarda ba ta taɓa kowa ba.

Akwai masu ja da wannan, kuma wanda ya fi cancanta a saurara shi ne mai cewa addini ya halatta sa-ɗaka, kotun boko ba ta isa ta haramta abin da malamai suka rubuta babi-babi a kansa ba. Gaskiya ne littattafan fiƙihu suna da waɗannan babuka, ba kuma za a amsa wannan magana da zagi ba. Amma mai kafa hujja da littafi sai ya ɗauki littafin duka. A 1615 Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya amsa tambayoyin mutanen Tuwat kan bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata, a littafinsa Mi'irajus Su'udi. Ya ce launin fata ko ƙabila ba sa mai da mutum bawa, ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba, ya kuma goyi bayan cewa idan wanda ake riƙe da shi ya ce shi ɗa ne daga irin waɗannan ƙasashe, mai riƙon ne zai kawo hujja. Wane yaƙi aka yi a Adar ta jihar Tawa a 1996, wane shugaba ya raba ganima, da har yarinya Musulma ƴar Musulmi za ta zama abin saye? Ko da an bar wannan, takardar 2005 ta rufe sauran ƙofa. Bisa fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, wadda aka ƴanta ƴa ce, tsohon ubangidanta ba shi da hanya zuwa gare ta sai ta aure, da waliyyi da sadaki da shaidu da yardarta. Kotun al'ada ta Ƙonni, ƙaramar cikinsu, ita ce ta fi kusa da fiƙihu, babbar kotun da ta ari harshen malamai kuwa ta cakuɗa babin aure da na mallaka don ta ba Narwa duka biyun. A ƙara da cewa dokar Nijar ta wuce inda Ahmad Baba ya tsaya, domin ta hana mallakar kowane mutum, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, kuma babu malamin da ya ce riƙe bawa wajibi ne da hukuma za ta yi saɓo in ta hana.

Wani zai ce, to an ji, amma Narwa ya yi laifi, don me za a ɗebi miliyan 10 daga baitulmali, kuɗin harajin manomin Dakoro da bai san hawa ba bai san sauka ba? Kotun CEDEAO ba ta da ikon hukunta mutum, gwamnatoci take tuhuma, kuma ba a kama Nijar da laifin sayen yarinya ba. An kama ta da abin da ma'aikatanta suka yi da hatiminta. Mai gari a tsarin Nijar yana cikin jerin hukuma, alƙali kuwa da sunan al'ummar ƙasa yake yanke hukunci. In makiyayin da aka ɗauka haya ya kwanta barci shanu suka shiga gona, mai shanu ake kira wurin ƙiyasin ɓarna, shi kuma ya je ya ji da yaronsa. Wannan kowa a arewacin Maraɗi ya san shi tun kafin ya ga kotu. Ciwon biyan kuɗin ma yana da amfani, don gwamnati tana iya jure rahoton ƙungiyoyi shekara da shekaru. A Maris na 2005 an shirya bikin ƴanta mutum 7,000 a In Ates, aka soke shi a ƙurarren lokaci, jami'ai suka ce babu bauta a ƙasar, ba a daɗe ba aka tsare shugaban Timidria, Ilgilas Waila. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Bayan hukuncin 2008 wannan musu ya yi wuya, tunda gwamnati ta karɓi hukuncin ta biya.

Sai zancen da ya fi tashe a yau, cewa ƙungiyoyin Turawa ne suka ɗauki nauyin shari'ar don su kunyata ƙasa, kotun kuma ta waje ce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan da bai kamata a ɓoye ba: ba don kuɗi da lauyoyin Landan ba da wuya maganar ta wuce Ƙonni, kuma alƙaluman da ake yaɗawa kan yawan bayi a Nijar, kamar 43,000 da aka fi ambata, ƙiyasi ne da masana ke jayayya a kai. Amma dokar da aka karya ta Majalisar Nijar ce. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, wadda ayarta ta 5 ta haramta bauta, Nijar ta sa mata hannu da kanta. Alƙalai ukun da suka yanke hukuncin ƴan Afirka ta Yamma ne, a Yamai suka zauna. Kuma irin wannan hukunci bai tsaya kan ƙasashen talakawa ba. A Yulin 2005 Kotun Turai ta haƙƙin ɗan Adam ta kama Faransa da laifi a shari'ar Siliadin, yarinya ƴar Togo da aka kai Paris tana shekara 15, ta yi shekaru tana aikatau ba albashi, ba hutu, an riƙe fasfonta. A can ma ba gwamnati ce ta bautar da ita ba. Laifin Faransa shi ne dokokinta ba su isa su hukunta waɗanda suka yi ba. Tushen hukuncin biyu ɗaya ne, sai dai Kotun Turai ta tsaya ga kiran abin ƙangin bauta, ta Abuja kuwa ta kira nata bauta kai tsaye.

Duk da haka hukuncin yana da giɓi, kuma masana shari'a da suka yi sharhi a kansa, har da waɗanda suka yi murna da shi, sun nuna shi. Kotun ta ƙi ɗora wa Nijar laifin nuna bambanci saboda jinsi da asali, ta ce wannan aikin Narwa ne. Wannan bai zauna ba, domin hujjar da ta sa shirun alƙali ya zama laifin ƙasa a kan bauta, ita ce za ta sa hukuncin da ya raba mata gida biyu, ƴa da baiwa, ya zama laifin ƙasa a kan bambanci. Mafi ɗaci shi ne batun gidan kaso. Kotun ta ce tsarewar ba ta zalunci ba ce tunda kotu ce ta yi umarni, ita kuma ba kotun ɗaukaka ƙara ba ce a kan kotunan ƙasa. Amma in babu auren farko babu aure kan aure, kuma hukuncin da ya ce bauta ce ya riga ya ce ba aure ba ne. Ana iya fahimtar tsoron kotun: tana sabuwa, tana gudun gwamnatoci su juya mata baya in ta fara rushe hukuncin alƙalansu. Fahimtar dalili dai ba ta mai da shi daidai ba, kuma Hadijatu ce ta biya kuɗin wannan taka-tsantsan, domin tuhumar aure kan aure ta ci gaba da bin ta shekara da shekaru, sai a 2019 babbar kotu a Yamai ta rufe maganar, ta tabbatar da cewa zaman wahaya ba aure ba ne a idon doka. Tsakanin nan duniya ta karrama ta, har ta karɓi lambar yabo ta mata masu jaruntaka a Amurka a Maris na 2009. Abin da ya fi lambar nauyi ya faru a Ƙonni a Mayun 2014, inda kotu ta ɗaure wani dattijo mai shekara 63 na tsawon shekara huɗu saboda riƙe wahaya. Shekara huɗu ba ta kai ƙaramin haddin da doka ta yanka ba, amma a garin da alƙali ya taɓa gina hukunci a kan kalmar baiwa aka yanke ta.

Mai karatu a Mai Yara zai iya cewa wahaya ta Adar ce da kan iyakar Sakkwato, mu nan ba mu san ta ba. To, a bar wahaya a duba gona. Ƙasar Dakoro ƙasar haɗuwa ce ta Hausawa da Fulani da Buzaye, kowane gida kuma ya san asalin maƙwabcinsa, wani lokaci fiye da yadda ya kamata. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta ba mallakar gona ta al'ada kariya daidai da ta takarda, ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira kofo, daga ƙauye zuwa gunduma, masu ba da takardar shaidar riƙon gona. A ce mutum ya zo gaban kofo ko gaban alƙali yana cewa gonar da wane ke nomawa shekara hamsin tasa ce, saboda kakan wane bawan kakansa ne, bawa kuma da abin hannunsa na ubangidansa ne. Ko a ce an hana wani gadon mahaifinsa, ko ana karɓar damin hatsi daga gare shi kowace kaka da wannan suna. Bisa sharaɗin da muka fara da shi, wannan hujja ba ta da kujera a kotu ko da mashawartan al'ada sun rantse cewa haka aka gada, kuma dokar 2003 ta sa karɓar wani kaso daga mutum da sunan an mallake shi cikin laifuka. Sai dai a yi hattara, don aro da jingina da haya halal ne a al'ada da doka, kuma mai gonar da ya ba da aro yana da haƙƙin karɓar abinsa ko wane ne kakan wanda ya ara. Aikin alƙali shi ne ya tambaya: da'awar nan a kan shaidar aro ta tsaya, da shaidu da iyaka da shekarar da aka bayar, ko a kan asalin mutum kawai? Tambayar tana da wuya a aikace, domin sau da yawa abubuwan biyu a cakuɗe suke cikin labari ɗaya, kuma dattawan da suka ga farkon maganar sun riga mu gidan gaskiya.

Ƙofar da Hadijatu ta bi ta rufe ga sabbin ƙararraki, tunda ficewar Nijar daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. Ficewar ba ta goge dokar 2003 ba, ba ta kuma cire sharaɗin da ke kan al'ada ba. Abin da ta cire shi ne alƙalin da ke bayan alƙali, don haka nauyin ya dawo kan kotun Dakoro da ta Maraɗi da masu hatimi a ƙauyuka. Ƙarar bauta ana kai ta wurin jandarma ko kai tsaye ga mai gabatar da ƙara na gwamnati, ba a sasanta ta a zauren mai gari kamar rigimar iyaka, domin ikon sulhu na sarakuna bai kai ga manyan laifuka ba. Dokar ta kuma yi tanadi ga wanda ba zai iya tsayawa da ƙafarsa ba: ƙungiyar da aka yi wa rajista aƙalla shekara ɗaya kafin faruwar abin, wadda yaƙi da bauta ke rubuce cikin manufofinta, tana iya shiga shari'ar ta nemi diyya. Duk wata takarda da ta ambaci ƴantawa, ko fansar kai, ko kuɗin da aka biya a kan mutum, a adana ta a yi mata kwafi kafin a miƙa ta ga kowa.